Mun ƙara wa faiba wuta, layin ya ƙara lalacewa: ina matsalar take?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ke kula da wani layin faiba da ya tashi daga Katsina zuwa Daura, kusan kilomita 80, gigabit 10 a kan nanomita 1550. Layin ya fara yawan kuskure, sai maigidana ya sa aka ɗaura amfilifaya EDFA, wato na'urar ƙara wa haske ƙarfi, a bakin fita, muka kai ƙarfin hasken +20 dBm, wato miliwat 100. Maimakon a samu sauƙi, abin ya ƙara taɓarɓarewa, kuma a na'urar duba launin haske ina ganin wasu kafaɗu biyu sun tsiro wa siginar hagu da dama. Wani da aka kira ya duba ya ce mu ci gaba da ƙara wuta har hasken ya zama soliton, wai shi ba ya mutuwa a hanya. Aikina na rawa, don Allah a taimaka. Daga mai tambaya a Ƙofar Ƙaura, Katsina.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka gama karanta wannan, je ka sauke ƙarfin nan zuwa tsakanin +3 da +6 dBm. Abin da aka yi muku gyaran gangar Auzinawa ne.

Cutar da ta fi damun masu wannan sana'a ita ce ɗaukar faiba kamar fayif ɗin ruwa: in ruwa bai kai ƙarshe ba, a ƙara wa famfo ƙarfi. Kullum sai an ji wani ya faɗi haka da bakin sani. To, cibiyar faibar G.652 da kuke amfani da ita faɗinta wajen maikuron 9 ne. In ka cusa miliwat 100 a wannan ɗan wuri, gilashin kansa yakan sauya hali: inda haske ya fi ƙarfi, nan tafiyarsa ke ɗan ragewa. Shi ne tasirin Kerr, kuma ma'auninsa a irin faibarku, wato gamma, kusan 1.3 ne a kowane wat a kowace kilomita. Asarar haske ta dB 0.2 a kilomita ta sa galibin ɓarnar a kilomita 21 na farko take faruwa, tun haske bai yi nisa da Katsina ba. Ninka uku ɗin nan: 1.3 sau wat 0.1 (miliwat 100 ɗin) sau 21, ka samu radiyan 2.7 na karkacewar igiyar hasken. A +6 dBm, wato miliwat 4, abin kusan 0.1 ne kawai. Ka ga tazarar.

Kafaɗun da kake gani alamar gutsuttsurewar haske ce. Bazuwa ita ce bambancin gudun launukan haske a cikin faiba, kuma a nanomita 1550 faibarku na ɓangaren bazuwar da launi mai guntun zango ke riga mai dogon zango isa. A wannan ɓangaren, haske mai ƙarfi ba ya zama lafau. Ɗan tudu ƙanƙani in ya taso a jikinsa, tasirin Kerr ya sauya launin gabansa da na bayansa, bazuwa kuma ta tattaro su wuri guda, tudun ya ƙara tsayi, ya ƙara jawo haske daga maƙwabtansa. Haka zai yi ta cin na kusa da shi har hasken ya tsinke gutsi-gutsi. A miliwat 100, kafaɗun na tsayawa wajen gigahaz 17 daga tsakiya, kusan nanomita 0.14, kuma a lissafin takarda haɓakarsu na iya haura dB 20 kafin asara ta kashe musu ƙarfi. Irin da suke tsirowa daga gare shi? Hayaniyar EDFA ɗin da kuka saya da kuɗinku. Benjamin da Feir sun bayyana irin wannan a igiyar ruwa a 1967, Tai da Hasegawa da Tomita suka gan shi a faiba a 1986. Gwajinsa mai sauƙi ne: rage ƙarfi, za ka ga kafaɗun sun matso tsakiya sun kwanta.

Akwai kuma ɓarawo na biyu, warwatsin Brillouin. Leza mai siririn launi in ta wuce 'yan miliwat kaɗan a doguwar faiba, sai wani kaso na hasken ya juyo baya da sauyin kusan gigahaz 11. Shi ya sa za ka ƙara dB 3 a Katsina, mita a Daura ta nuna ƙarin da bai kai haka ba. Da wannan kaɗai ya isa mai hankali ya tsaya, amma masu "a ƙara wuta" ba sa auna ɗaya bakin, lambar da ke fuskar amfilifaya kawai suke kallo.

Abin da ya fi ɓata rai shi ne haɗarin da ba a faɗa wa yaran aiki. Hasken nanomita 1550 ido ba ya ganinsa, don haka ido ba ya ƙiftawa ya kare kansa. Yaro zai zare konekta ya leƙa ciki "ya ga ko akwai wuta", alhali miliwat 100 ne ke fitowa. Garin neman gira a rasa ido. Sannan ƙurar hunturu: ƙwayar ƙura ɗaya a fuskar konekta, a irin wannan ƙarfi, tana iya ƙonewa ta bar tabo a gilashin wanda gogewa ba ta fitarwa. In kuma wani ya haɗa bakin amfilifaya kai tsaye da SFP na kilomita 80, wato 'yar na'urar da ke aikawa da karɓar haske a bakin layi, da guntuwar igiya don gwaji, ya ƙona idon karɓarsa nan take, domin irin waɗannan tun wajen -7 dBm suke ƙoshi.

Soliton kuwa, wato ɗigon haske ko tudun ruwa da ke tafiya ba ya sauya siffa, gaskiya ne, ba tatsuniya ba. John Scott Russell ya fara ganin irinsa a 1834 a wata hanyar ruwa kusa da Edinbara a Sukotilan, ya bi tudun ruwan a kan doki. Hasegawa da Tappert sun nuna a 1973 cewa zai yiwu a faiba, Mollenauer da Stolen da Gordon suka tabbatar a 1980. Amma daidaito ne tsakanin bazuwa da tasirin Kerr, kamar sikeli. Ɗigon haske mai faɗin fikosakan 18 yana buƙatar ƙololuwar miliwat 167 a faibarku, da siffa ta musamman wadda SFP ɗinku ba ya fitarwa. Kuma soliton bazuwa yake tsarewa, ba ya tsare asara: bayan kilomita 15 rabin ƙarfin ya tafi, ɗigon ya buɗe, sai an jera amfilifaya a hanya an riƙa mayar masa da abin da ya rasa. Wanda ya ce maka ba ya mutuwa, sunan kawai ya ji.

Koma kan ciwon farko. Kilomita 80 lafiyayye bai kamata ya ci fiye da dB 18 zuwa 20 ba, SFP ɗin kuma na ɗaukar wajen 23. Cire amfilifaya, harba OTDR, na'urar da ke nuna tsawon faiba da inda haske ke raguwa a cikinta, daga Katsina, ka sake harbawa daga Daura, a nanomita 1310 da 1550. Haɗin da ya ci sama da dB 0.1 a matsakaicin ɓangarorin biyu, a sake shi. Inda asara ta fi yawa a 1550 fiye da 1310, lanƙwasa ce, galibi a akwatin haɗi da aka cusa igiya da ƙarfi bayan masu aikin hanya sun tsinke ta. Duba tsawon gaske da OTDR ya ba ka, ban da na taswira: bazuwa fikosakan 17 ce a kowane nanomita a kowace kilomita, kilomita 80 ya ba ka 1360, iyakar SFP ɗin kuwa galibi 1600. In rarar igiya ta kai layin kilomita 95, kun haura iyaka, maganinsa na'urar rama bazuwa. In bayan duk wannan haske bai isa ba, amfilifaya mai ƙarancin hayaniya ake sawa a bakin karɓa a Daura, da matacin launi a bayanta, a daidaita abin da ke shiga SFP ya tsaya tsakanin -12 da -18 dBm.