Tambaya da Amsa: An kai Inna ribaɗi, an manta da ita

Tambaya: Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shari Mansur. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, muna ce mata Inna, ta koma ribaɗi (gidan waƙafi da ake ba marasa galihu ɗaki) bayan rasuwar ɗanta. Watanni huɗu ke nan, an yi suna biyu da biki ɗaya a dangi, ba wanda ya gaya mata. Me ya kamata mu yi?

Amsa: 'Yar'uwa, ki fara tantance irin gidan. Gidajen kula da tsofaffi na gwamnati suna ƙarƙashin ma'aikatar kula da jin daɗin jama'a, kuma dokar haƙƙin tsofaffi ta 2022 ta hana a ajiye ɗan ƙasa mai shekara 60 zuwa sama a can ba da yardarsa ba, sai da hukuncin kotu ko in rayuwarsa ko lafiyarsa na cikin haɗari. Ribaɗi kuwa gidan waƙafi ne, ɗaki ake ba mutum, galibi babu ma'aikaciyar jinya. To a nan maganinta ma ku za ku sa wa ido.

Ku nemi izini wurin mai kula da gidan, ku tsayar da rana guda a mako, bayan la'asar, minti talatin sun isa. Mutum biyu, kada a fi. Abin da ke ɓata lamarin shi ne ziyarar watan azumi kaɗai: a cika ɗaki da dabino, a ɗauki hoto (wannan kam a daina), sai kuma baɗi.

Abinci, a tambaya tukuna. In tana da ciwon suga, kunu ba sukari, dabino biyu ya wadatar. In hawan jini ne, a rage gishiri da magi a miyar kuka. Tuwo ya zama mai laushi, ta ci a zaune, bayanta a miƙe, saboda ƙwarewa tana kai tsoho asibiti.

Ku yi mata Hausa. Tsohuwar da mantuwa ta fara kamawa takan rasa Larabcin da ta koya da girma, sai a ɗauka ta daina magana ne. Ku rubuta kalmomi kamar ruwa, ciwo, sanyi, banɗaki da haruffan Larabci tare da ma'anarsu, ku manna kusa da gadonta.

Maganar suna da biki, a naɗa mutum ɗaya mai kai mata labari, har na rasuwa. A kai mata goronta, a tanadi keken guragu da mota tun ana gobe.