Wa ya ɗauke zumar sarki? Yadda ake shirya wa yara wasan bincike a gida

Tambaya: Assalamu alaikum Malama, sannu da ƙoƙari. 'Yata za ta cika shekara 8 bayan sallah, kuma tunda 'yar ƙanwata da ke Ingila ta ba ta labarin wani fati da suka je can ta hana ni sakat. Wai kowane yaro ya yi shigar wani daga cikin mutanen littafin labari, su Sindarela da kerkeci da sauransu, sai aka ce an yi wani laifi, aka yi ta bincike har aka gano wanda ya yi. Ni ban san ta inda zan fara ba, kuma tsorona kar a kira ɗan wani ɓarawo a gidana abin ya zama magana. Yaran za su kai 14, daga 'yan shekara 6 zuwa 10. Don Allah ya ake yi? Daga wata uwa a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana ita. Wasan nan ba shi da wuya kuma ba ya cin kuɗi, amma yana son a zauna a tsara shi tun kafin ranar, kuma tsoron da kika ambata yana kan hanya, zan zo kansa.

Asalinsa wasan manya ne. A Ingila wani mutumin Birmingham mai suna Anthony Pratt ya ƙirƙiro wani wasan allo lokacin yaƙin duniya na biyu, aka fito da shi kasuwa a 1949 da sunan Cluedo, a Amurka kuma suna ce masa Clue, mutum shida ake zargi da kisan kai a cikin wani babban gida sai 'yan wasa su yi ta tace hujja har a gane waye. Akwai kuma irinsa na liyafa, kowane baƙo a ba shi takardar wanda zai zama ya zo da shigarsa. Da aka kawo shi wajen yara sai aka cire kisan aka sa ɓatan wani abu, kek ko kambin sarauniya, waɗanda ake zargi kuma aka ɗebo su daga tatsuniyoyin Turai da yaransu suka tashi da su.

Toh dalilin da ya sa yake musu daɗi a can shi ne yaro ya riga ya san halin kowa tun kafin a fara, yana ganin kerkeci zai ce wannan ba shi da gaskiya. In kika ɗauko su Sindarela kika kawo wa yaran unguwarku, waɗanda ke kallon katun za su gane, sauran kuma za su tsaya suna kallonki ne kawai. Shi ya sa ni shawarata ki yi da namu. Gizo da tsamin bakinsa da wayonsa, Ƙoƙi matarsa, Kura uwar kwaɗayi, Dila malamin daji, Kunkuru, Biri, sai Zaki a matsayin sarki. Kuma shigar kwaikwayo ba baƙon abu ba ne wajen yaranmu, duk wanda ya ga 'yan tashe daga goma ga azumi, yaro ya manna gemun auduga ya tokare da sanda ya zama tsoho, ya san ba sai an koya musu ba.

Bari in ba ki labari guda cikakke da za ki iya ɗauka yadda yake. Sarki Zaki ya tara dabbobin daji walima, an je ɗauko tulun zumarsa a ɗakin ajiya aka tarar babu. Su shida aka gani sun gifta ta wajen fada ranar, wato Gizo, Ƙoƙi, Kura, Biri, Kunkuru da Dila. Yara shida ke nan, ki zaɓa daga cikin manyan da suka iya karatu. Mai bikin ki ba ta Jakadiya ko shugabar masu bincike don ta fi kowa motsi, sauran bakwai su zama dogaran sarki ki raba su gida biyu ko uku, kowane rukuni da takarda da fensir, kuma ki tabbatar ƙananan sun shiga cikin manya. Zaki babba ne zai yi, babanta ko kawunta ko ke da kanki, don shi ne mai riƙe da wasan in ya fara karkacewa.

Yanzu hujjoji, nan ne aikin yake gaskiya. Ki rubuta kowace a takarda ki sa a ambulan mai lamba, ki ɓoye su a tsakar gida, ƙarƙashin tabarma, bayan randa, cikin tukunyar fulawa, amma ba a buɗe ta biyu sai an gama da ta ɗaya. Ta farko ta ce ƙofar ɗakin a kulle take da kwaɗo, ta wata 'yar ƙaramar taga aka shiga, sai ki bar yaran su yi ta musu har wani ya ce ai Kura ba za ta shige ta nan ba, Kura ta fita. Ta biyu ta ce an tarar da turmi a kife a gindin tagar, alamar wanda ya shiga sai da ya taka wani abu kafin ya kai. Wannan ita ce na fi so, don tana sa su tunani na gaske, wa zai nemi turmi? Ba dai Biri ba da hawa sana'arsa ce, ba kuma Gizo ba da ke bin bango, kin ga mutum biyu sun fita lokaci guda kuma har da wanda kowa ya ɗora wa ido tun farko, za ki ji ihu a wajen. Ta uku shaida ce daga mai kitso cewa Ƙoƙi tana wajenta tun azahar har la'asar, kuma a tsakanin nan ne zumar ta ɓata. Ta huɗu ta ce an ga Kunkuru a bakin rafi ana kiran azahar, rafin kuma da nisa, da irin tafiyarsa ko magariba ba zai iso ba. Saura Dila.

Amma kar ki bari a kama shi don kawai shi ya rage, yara na son su ji sun cafke mutum da bakinsa. Tun a farkon wasa kowane wanda ake zargi zai karanta bayaninsa a gaban sarki, layi biyu ko uku kacal, to a na Dila ki sa ya ce shi wallahi bai taɓa ko ganin jan tulun nan ba. Ambulan ta biyar sai ta tambaya, wa ya faɗa wa Dila tulun ja ne alhali sarki bai ambaci kalarsa ba? Kawai ki kula kar wani ya furta kalar tulun kafin lokacin, har shi Zakin, in ba haka ba hujjar ta mutu.

Abin da ke ɓata wasan nan a wajen mutane da yawa shi ne hujjar da ba ta fitar da kowa, a yi ta ɓoye takardu masu kacici-kacici yara su sha gudu, a ƙarshe babba ya miƙe ya ce wane ne ya yi, ba tare da an ga ta yaya ba. Yaro ɗan shekara 9 yana gane an yi masa rufa-rufa kuma ba ya jin daɗi. Kafin ranar ki karanta wa wani babba hujjojin a jere ba tare da kin faɗa masa amsar ba, in ya gano Dila da kansa kuma bai ga wata kafa da wani zai iya zama shi ne ba, toh tsarin ya yi.

Sai maganar ɓarawo. Kin yi daidai da kika damu, kalmar nan tana da nauyi a wajenmu, kuma yara in suka sami suna suka liƙa wa ɗan'uwansu har makaranta da islamiyya za su bi shi da shi. Na ɗaya dai kar kalmar sata ko ɓarawo ta fito daga bakin manya sam, a ce wa ya ɗauke, ina tulun ya shiga. Sannan ki ba Dila dalili mai kyau, in an kama shi ya ce ɗansa ne ke ta tari cikin dare ya rasa yadda zai yi, kunya ta hana shi roƙon sarki, sai Zaki ya yi masa faɗa kaɗan a kan ɗaukar abu ba izini, ya yafe masa ya ce a raba zumar da kowa. Kuma ki duba wa za ki ba wannan rawar, kar ki ba yaro mai saurin kuka, ko baƙon da bai saba da sauran ba, ko wanda aka taɓa zargi da ɗauke-ɗauke a gida, kar kuma ki ba yarinyar da ke taya ki aiki ko ɗan riƙo, wannan ko da wasa bai kamata ba. Ɗanki na cikinki mai baki da son a kalle shi ya fi dacewa, in kuma babu irinsa a cikin yaran ki sa wani yayansu babba ya zama Dila, shike nan an huta. Shi kansa mai rawar ba sai ya san shi ne ba tun farko, ƙananan yara ba sa iya riƙe sirri, dariya kawai za ta tona shi, ki sa jawabinsa na ƙarshe a wata ambulan da sarki zai miƙa masa bayan an gama.

Kayan shiga kar ki wahalar da kanki ko iyayen yara da ɗinki. Kwali da almakashi da roba sun isa a yi kunnuwa, Kunkuru a ɗaura masa faifai ko ƙaramin kwando a baya, Gizo a cusa tsumma a tsofaffin safa baƙaƙe a ɗinka a gefen riga su zama ƙafafu, Kura a manna mata ɗigo-ɗigon baƙar takarda a riga, Zaki a yi masa geza da zaren saƙa, dogarai kuma ja da kore ko da ɗankwali ne an gane su. Abin rufe fuska gaba ɗaya ki bar shi, ga zafi ga yaro ba ya ganin gabansa yana gudu. Kar kuma a zana musu fuska da kwalli, wani kwallin gargajiyar akwai dalma a cikinsa kuma tana cutar da yara, in za a yi zane a nemi kalar da aka yi don fatar yara a fara gwadawa a hannu. In akwai iyayen da ba sa son a yi wa ɗansu shigar dabba, ki girmama ra'ayinsu, dogari ko mai kitso ko maga-takardan sarki duk gurabe ne, labarin ma gaba ɗaya ana iya mayar da shi na mutanen fada.

Lokaci kar ya wuce minti 45 zuwa awa ɗaya, bayan haka 'yan shekara 6 sun gaji sun koma wajen abinci. A yi wasan kafin a ci, a buɗe da ga ta nan ga ta nanku su amsa, Zaki ya faɗi abin da ya faru, a ji bayanin mutum shidan, a shiga neman ambulan, kowace aka samo a dawo gaban sarki a karanta da ƙarfi don wanda bai iya karatu ba ma ya ji ya sa baki. In kin ga rukuni ɗaya na cinye komai ki ce ambulan ta gaba ƙananan ne kaɗai za su nemo ta. Shi kuma jan tulun, ko roba ce kika naɗe da jar takarda ta yi, ki cika shi da alawa da dabino ki ɓoye inda Dila zai kai su a ƙarshe, ki ƙirga abin ciki tun da wuri ya ishi kowa har da ƙannen da za a zo da su ba a gayyace su ba.