Me ya sa sort() ke sa 100 gaban 9?

Ɗan'uwa, ka ce ka jera [10, 9, 100] da sort(), umarnin jera abubuwa a JavaScript (harshen rubuta manhaja), sai ya fito [10, 100, 9]. Ni ma wannan ya taɓa hana ni barci. Idan ba ka gaya masa yadda zai kwatanta ba, rubutu yake ɗaukar lambobin, ya duba harafin farko, kuma 1 na gaban 9. Don ya jera su bisa girman lamba, rubuta haka: sort((a, b) => a - b).

Amma ka kula, sort() ainihin jerin yake sauyawa, ba ya yin kwafi. In kana buƙatar na asali, ɗauki toSorted() mai jera kwafi, da aka shigo da shi a 2023, sai dai tsofaffin burauza ba su san shi ba. Idan lissafin kuɗin jama'a ne, nuna wa gwani ya duba kafin ka ɗora.