Me Ke Sa Manoma Komawa Noman Farfaɗo da Ƙasa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman masara a gonar gado mai hekta 2 a hanyar Soba. Kowace damina sai na ƙara taki, amma buhunan da nake samu raguwa suke yi, ga wuta-wuta ta fara cin gefe guda. Ina jin malaman gona suna maganar noman farfaɗo da ƙasa. Me ke sa manomi ya koma kansa? Kuma dole ne in daina sayen takin zamani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba dole ba ne ka daina takin zamani, kuma wanda ya ce ka watsar da shi a damina guda, bai yi maka adalci ba. Noman farfaɗo da ƙasa shi ne mayar wa ƙasa ƙarfinta ta hanyar juya amfanin gona, barin kara a gona da zuba takin gida. Abin da ke kai yawancin manoma ga wannan noma shi ne dai abin da ya same ka: lissafin taki ya daina fita.

Shawarar da aka saba ba mai masara a yankinmu ita ce buhu 8 na NPK 15-15-15 da kusan buhu 3 na yuriya a hekta guda. Kai mai hekta 2 kana maganar buhu 22 ke nan kafin iri, maganin ciyawa da kuɗin ƙwadago. In ƙasa na da rai, wannan kuɗin yana dawowa. Amma ƙasar Zariya da kewaye dama can ba ta da ruɓaɓɓen ganye da yawa a jikinta, kuma shekaru ana kwashe kara, ana cinna wa sauran wuta, ana maimaita masara, sai ɗan abin da ke nan ya ƙare. A irin wannan ƙasa zuba yuriya kamar zuba ruwa ne a kwando: ruwan Agusta ya wanke ta ƙasa da inda saiwa ke kaiwa. Yuriya ita kaɗai shekara da shekaru kuma tana sa ƙasa tsami. A cibiyar binciken aikin gona ta Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, ana gwada kashin shanu da takin zamani, kuma abin da ya nuna shi ne haɗa su biyun ya fi riƙe ƙasa a kan takin zamani shi kaɗai.

Dalili na biyu ita ce wuta-wutar da ka ambata. Ciyawa ce ta gajiyayyiyar ƙasa. Tushe guda na zubar da dubban 'ya'ya, kuma suna iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10 suna jiran saiwar masara, dawa ko gero. Waken suya na yaudarar su: saiwarsa na sa su tsiro, su rasa inda za su kama, su mutu. Shi ya sa mataki na farko da muke ba da shawara shi ne ka raba gonar biyu, gefen da wuta-wuta ta kama ka sa waken suya, ɗayan masara, badi ka juya. Waken suya ba ya bukatar yuriya mai yawa, amma yana son sufa, wato takin zamani mai sinadarin fosfaros. In ka hana shi, saiwarsa ba za ta yi ƙulle-ƙullen da ke tara abinci ba, sai ka yi juyin a banza. Duk wuta-wutar da ta fito, a cire ta kafin ta yi fure, a fitar da ita daga gona a ƙone. Idan masara ta dawo wajen, nemi irin da ke jure mata, kamar SAMMAZ 15.

Na uku shi ne ruwa. Gonar da aka rufe da kara ta fi jure ɗaukewar ruwan sama a farkon damina, lokacin da ta maƙwabci ta fara naɗe ganye. A nan ne kuma aikin ya fi wuya, domin kara na da masu so: dabbobin gida, masu danga, masu girki, da makiyaya. Ba a ce ka bar duka ba. Bar ko da kashi ɗaya cikin uku, ka sare shi ka kwantar a kwarin kunya. Kada ka binne busasshen kara dab da shuka. Yayin da yake ruɓewa zai ja abincin da masara ke bukata, ka ga ta yi ɗorawa tana ƙarama. In hakan ta faru, a gaggauta sa yuriya a binne ta, kada a watsa a sama. Gara za ta ci karan, kuma wannan ba asara ba ce, ita ke shigar da shi ƙasa. In gonar na da gangare, a yi huɗa ta gicciye shi, kuma a rage yawan haro duk shekara.

Takin gida kuwa, inda aka fi yin kuskure shi ne a jibge shi tuli-tuli a gona tun watan Fabrairu, rana da iska su kwashe ƙarfinsa. Tara shi a rami ko a inuwa, a yayyafa ruwa, a juya, sai ya yi baƙi ya daina zafi, sannan a kai gona dab da huɗa a rufe. Ɗanyen kashin kaji na ƙone tsiro. In takin gidan bai isa hekta ba, kuma da wuya ya isa, sa cikin hannu guda a kowane rami maimakon watsawa, ko ka ƙosar da kwata guda bana, badi ka matsa gaba.

Kada ka rage takin zamani a shekarar farko. Ribar juyi da waken suya tana bayyana a masarar da ta biyo baya, ta kara da takin gida kuwa sai an yi damina uku ko fiye. Wannan jiran ne ke hana mai gonar haya ko aro shiga, don yana tsoron ya gyara ƙasa mai ita ya karɓe. Kai taka ta gado ce. Ware layi goma ka ci gaba da noma su yadda ka saba, ka auna buhunan kowane ɓangare daban lokacin girbi. Da wannan awon za ka san buhu nawa na NPK za ka iya ragewa a shekara ta uku.