Me Ya Sa Sukari Ke Narkewa a Kan Wuta, Gishiri Kuwa Ya Ƙi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na lura sukari yana narkewa a tukunya idan ana haɗa alewa, amma gishiri ko an daɗe ana gasa shi ba ya narkewa. Malaminmu ya ce dalilin yana cikin yadda ƙwayoyin zarra suke riƙe juna. Ina neman ƙarin bayani.
Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Malaminku ya yi gaskiya, domin komai ya dogara ne ga abin da ƙwayar zarra take yi da ilektaron ɗinta na waje, wato ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki da ke kewaye da tsakiyarta: ko ta bayar, ko ta yi tarayya, ko ta sake su.

A gishiri, wanda sinadaran sodiyam da kulorin suka haɗa shi, sodiyam yana miƙa wa kulorin ilektaron ɗaya, sai sodiyam ya samu cajin fozitif, kulorin kuma negetif, su jawo juna ta kowace fuska. Wannan shi ne haɗin ayonik, kuma ƙarfinsa ya sa gishiri ba ya narkewa sai zafi ya kai digiri 801 a ma'aunin Selsiyos, abin da murhun girki ba ya kai tukunya gare shi.

A sukari kuwa, kabon da haidirojin da oksijin tarayya suke yi a kan ilektaron, wato haɗin kobalen, wanda Gilbert Lewis na Amurka ya bayyana a 1916. A nan ɗalibai da yawa suke kuskure, kuma ina so ki kiyaye: narkewar sukari a wajen digiri 186 ba ta nufin wannan haɗin ba shi da ƙarfi. Abin da zafi yake fara sassautawa shi ne ɗan riƙon da ke tsakanin dunƙulen sukari, wato rukunin ƙwayoyin zarra da suka haɗu wuri ɗaya, da maƙwabcinsa. Daimon ma haɗin kobalen ne zalla tsakanin ƙwayoyin kabon, ga shi kuwa babu ma'adinin da ya kai shi tauri.

Na uku shi ne haɗin ƙarfe, wanda ya yi kama da gandu: kowace ƙwaya ta saki nata ilektaron, suka zama na kowa, suna yawo ko'ina. Shi ya sa wayar jan ƙarfe ke ɗaukar wutar lantarki, kuma maƙeri ke iya dukan ƙarfe ya miƙe ba tare da ya farfashe ba. Kuzar da aka san ƙasar Jos da haƙarta, idan an tace ta, irin wannan haɗin ne da ita, kuma tana narkewa a digiri 232.