Maigidana ya ce bakina na wari, ni kuma ina tsoron wankin haƙori

Salamu alaikum Anti, don Allah a sakaya sunana. Wata 8 da aurena, rannan muna hira na matso kusa sai maigidan ya ɗan kau da kai wai in je in kuskure baki, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, alhali sau uku nake burushi ga cingam ga kanumfari kullum a jakata. In ina goge haƙori ina ganin jini a kumfar makilin. Ƙawata ta ce in je asibiti a wanke min, yayata kuma ta ce wankin na sa haƙori girgiɗi. Ya zan yi?
Daga ƙanwarki a Kano.

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wannan jinin da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne maganar. Dasashi mai lafiya ba ya jini don an goga masa burushi. Daudar da ke taruwa a gindin haƙori in ta daɗe sai ta daskare ta zama kamar siminti, ki leƙa bayan haƙoranki na ƙasa a madubi za ki iya ganinta ruwan ɗorawa, to wannan ko sau goma kike burushi ba ta fita, ƙwayoyin cuta na zaune a ciki suna fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ke kuma kina ta bin ta da cingam. Mutane na son ɗora wa olsa laifi, amma cikin masu warin baki 10, wajen 8 ko 9 daga bakin ne.

Maganar Yaya kuwa, ba wankin ke kawo girgiɗi ba. Daudar ce ta riga ta ci dasashi da ƙashin da ke riƙe haƙorin, da aka cire ta sai ɓarnar ta fito fili, sai a ce ai wankin ne. Ki je sashen haƙori, ko na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano tunda kina kusa. Ba lallai likita ba, akwai ma'aikatan da wankin ne aikinsu, da wani ɗan inji mai feshin ruwa suke kankarewa, za ki ji tsami-tsami na 'yan kwanaki ya wuce. A riƙa dubawa duk wata 6. In akwai juna biyu ki faɗa musu, amarya ce ke, ciki ma na sa dasashi jini kuma ba ya hana wankin.

Sai harshe, can baya wajen maƙogwaro. Ki kankaro wajen da bayan cokali, ki bari ya bushe ki shinshina, za ki ba ni labari. Ki riƙa goge shi kullum a hankali. Burushi mai laushi safe da dare minti 2 ya isa, na daren ya fi muhimmanci, a canza shi duk wata 3, a yi sakace da zare, a sha ruwa sosai. Aswaki na da kyau, gawayi dai a bar shi, kankare haƙori yake.

In an wanke, an yi sati 3 warin na nan, a duba miki maƙogwaro da hanci da suga. Shi ma maigidan ki ja shi ku tafi tare, musamman in mai cin goro ne.