Tana jin Italiyanci tun tana ƙarama, sai mun ɗaukar mata malamin lesin kafin jarrabawar AP?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Mun zauna a Brescia ta ƙasar Italiya shekara goma sha ɗaya kafin mu ƙaura zuwa Amurka, yanzu muna Bronx a birnin New York. 'Yata ta fari a can aka haife ta, ta yi firamare har aji huɗu. Yanzu shekarunta 16, ta shiga ajin AP na Italiyanci, wato darasin matakin jami'a da ake yi tun a sakandare, za su zauna jarrabawa a watan Mayu. Ita da ƙannenta ko faɗa za su yi da Italiyanci suke yi. Duk da haka malamarta ta ce mu nema mata malamin lesin. Mahaifinta ya ce ɓarnar kuɗi ce, ta yaya za a koya wa kifi iyo? Wanda muka tuntuɓa ya ce dala 50 ne a kowace awa. Yanzu muna Oktoba. Me kake ba mu shawara?

Amsa

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya raya mana su. Maigida yana da gaskiya ta wani gefen, malamarta ma tana da tata. Shawarata ita ce ku ɗauki malamin, amma na ɗan lokaci, kuma don wani aiki takamaimai. Idan wanda zai zo ya fara mata daga sunayen ranakun mako ne, to lalle kuɗinku ya tafi a banza.

Italiyancin da 'yarki take da shi na yarinya 'yar shekara tara ne. Yana da daɗin ji, lafazinsa tsaf, amma a nan ya tsaya ranar da kuka hau jirgi. Ita kuwa wannan jarrabawa, wadda hukumar College Board take shiryawa, ana auna ɗalibi ne da ma'aunin wanda ya yi nisa a darasin harshe na jami'a. Za a ba ta sharhin jarida a kan gurɓatar muhalli ko ƙaurar matasa, a ce ta yanke hukunci ta kare shi a rubuce. Ba ta taɓa yin haka da ƙannenta a falo ba.

Jarrabawar tana cin kusan awa uku, ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Rabin makin na tambayoyin zaɓi ne a kan abin da aka karanta da abin da aka saurara. Wannan rabin ba na jin tsoronsa a kanta, musamman sauraro, domin kunnenta ya riga ya buɗe. Sauran rabin, a tsarin da aka daɗe ana bi, ayyuka huɗu ne masu nauyi ɗaya: amsa saƙon imel cikin minti 15, rubuta maƙalar hujja cikin minti 40 bayan an ba ta lokacin duba madogara uku, hira da muryar da aka naɗa, sai kuma jawabin minti biyu na kwatanta al'adu. Hukumar takan sake fasalin jarrabawar lokaci zuwa lokaci, saboda haka takardar bayanin shekarar da za ta zauna ita ce alƙali, kuma tana nan kyauta a shafinsu.

A wurin imel ne yara irin 'yarki suka fi yin tuntuɓe. Na taɓa koyar da wani yaro da ya taso a kusa da Verona. Da baki, ya fi ni sauri nesa ba kusa ba. Na ba shi saƙon da wata darakta ta rubuto tana tayin aikin hutu, na danna agogo. Kafin minti takwas ya ajiye biro yana murmushi. Da "Ciao" ya buɗe, ya yi ta kiranta da "tu" har ƙasa, kamar wata abokiyar wasansa. Ita kuwa jarrabawar harshen girmamawa take nema: a buɗe da "Gentile signora", a yi amfani da "Lei", a rufe da "Cordiali saluti", a amsa duk abin da aka tambaya, sannan a nemi ƙarin bayani a kan wani abu da ke cikin saƙon. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ma ya manta da shi. Na tambaye shi, idan kakanka ya shigo, "ka zo" kake ce masa ko "kun zo"? Nan take ya gane. Ɗan Bahaushe bai rasa wannan ladabin ba, sai dai ba a taɓa nuna masa yadda ake yin sa da Italiyanci a takarda ba.

Hausar ma tana taimaka mata fiye da yadda kuke zato, in dai ba ta yar da ita ba. Wanda ya san bambancin "baba" da "babba" ba zai sha wahalar raba "nono", wato na tara, da "nonno", wato kaka namiji, ba, alhali nan ne 'yan ajinta masu Turanci zalla suke dagulewa. Haka batun jinsi: a harsunan biyu yawancin sunayen da suka ƙare da "a" mata ne, kuma kowanne yana da 'yan tawayensa. Mu muna da "ruwa" da "gida", su suna da "problema" da "tema".

Rubutu ne zai ci yawancin lokacin lesin ɗin. Yaron da ya bar makarantar Italiya a aji huɗu yakan rubuta yadda yake ji, sai ya haɗa "hanno" da "anno", ya bar "è" babu alamar da ke kanta, ta koma "e". Yakan ce "penso che è" domin haka ake faɗi a titi, alhali a rubutun ilimi "penso che sia" ake so, abin da suke kira congiuntivo. Waɗannan gyare-gyare ne na 'yan makonni. Abin da ya fi su wuya shi ne maƙalar kanta. Za a ba ta rubutu, da jadawali ko zanen alƙaluma, da sautin da za a kunna sau biyu, kuma dole ta jawo hujja daga dukkan ukun ta saƙa su cikin ra'ayinta, ba ta jera taƙaitawarsu ɗaya bayan ɗaya ba. Babu ƙamus a ɗakin. Wannan sana'a ce da sai an yi ta an gyara, an sake yi an sake gyarawa. Malamar da ke da ɗalibai cike da aji ba za ta iya zama da maƙalar mutum ɗaya layi-layi kowane mako ba, kuma ina jin abin da ya sa ta ba ku shawarar ke nan.

Hirar kuwa sau biyar za a ba ta damar magana, daƙiƙa 20 kowane karo. Mai jin harshe sosai yakan amsa da jimla ɗaya ya yi shiru, na'ura tana ta naɗar iska. Ana so ta cika lokacin. Wannan ko ke za ki iya taimaka mata a kicin da agogon waya, tunda kin zauna a can shekara goma sha ɗaya.

Jawabin kwatanta al'adu shi ne inda nake ganin za ta yi fice, idan an shirya ta. Minti huɗu ake bayarwa na shiri, biyu na magana, a kwatanta wata al'ummar masu Italiyanci da al'ummar ɗalibi ko wata da ya sani. Tana da abin faɗi da yawa: taron suna da na biki a cikin Hausawan Bronx, zumuncin ranar Sallah, yadda tsofaffi suke zama tare da jikoki. Amma ɓangaren Italiya yana buƙatar sani na gaske, tunanin yarinta kaɗai ba zai isa ba. Ta san abin da Ferragosto yake nufi ranar 15 ga Agusta, da dalilin hutun 25 ga Afrilu da na 2 ga Yuni, da yadda ɗalibin liceo, wato sakandare, yake fuskantar jarrabawar kammalawa ta maturità, da ƙungiyar Slow Food mai kare abincin gargajiya da ta samo asali a garin Bra a shekarun 1980. Labaran RAI, gidan rediyo da talabijin na Italiya, na minti goma a rana da sharhi ɗaya a mako daga jaridar Corriere della Sera ko La Repubblica za su cike wannan giɓin.

Wajen zaɓen malami a yi hattara. Wannan jarrabawa ba ta da jama'a kamar ta Sifaniyanci. An fara ta a 2006, aka dakatar da ita bayan 2009 saboda ƙarancin masu zama da kuɗin gudanarwa, sai a 2012 ta dawo bayan gwamnatin Italiya da ƙungiyoyin Amurkawa 'yan asalin Italiya sun haɗa kuɗi. Don haka masu jin Italiyanci suna da yawa a New York, amma waɗanda suka san wannan jarrabawar ciki da waje kaɗan ne. Ki tambayi mai dala 50 ɗin nan ko ya taɓa shirya ɗalibi dominta, kuma ko yana gyara aiki da ma'aunin makin da hukumar take wallafawa. Tambayoyin shekarun baya da amsoshin ɗalibai na gaske da makin da suka samu duk suna shafin hukumar. Malamin da bai taɓa buɗe su ba, a nemi wani. A zaman farko ya kamata ya sa ta rubuta imel ta kuma yi jawabi a kan agogo, ya faɗa muku raunin da ya gani. Idan ta intanet ne da wani da ke Italiya, ku tuna suna gabanku da awa shida, kuma a riƙa yin darasin a falo inda babba yake kai-kawo.

Ga lissafin da za ki kai wa maigida. Daga yanzu zuwa Disamba ba sai an biya kowa ba, ta riƙe karatun jarida da aikin aji. Daga Janairu zuwa farkon Mayu awa ɗaya a mako, kusan zama 16, dala 800 ke nan, ƙasa da haka idan ta haɗu da wata 'yar ajinsu suka raba kuɗin. Jami'o'i da dama suna yafe wa mai maki 4 ko 5 darasin harshe, wasu ma daga 3, kowace da dokarta, kuma darasi ɗaya a yawancinsu ya fi wannan kuɗin tsada. Sakamako yana fitowa a Yuli.

Abu ɗaya ne ba zai jira Janairu ba. Makarantu suna kammala odar takardun jarrabawa a watan Nuwamba, wanda ya makara kuma akwai tara a kansa. Ta je wurin jami'in da ke kula da AP a makarantarsu cikin makon nan ta tabbatar sunanta yana ciki, ta kuma tambayi rangwamen da ake yi wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi idan kun cancanta.